Ashanar Hakham Farag

Ranar Asabar da hantsi, mutane na fitowa daga majami'a kowa na laluben takalminsa, babban malaminmu Hakham Farag ya tsaya a bakin ƙofa ya kyasta ashana.

Mu Ƙara'awa, wani reshe na Yahudawan Alƙahira, ko fitila ba ma bari da wuta ranar Asabar. Abinci mai sanyi muke ci, kuma wannan tsohon ne ya ƙare rayuwarsa yana yi mana faɗa a kan haka. Sai ga shi ya kunna taba a bainar jama'a, ya zuƙa, tari ya sarƙe shi har ya dafa bango.

"Hakham, kanka ɗaya kuwa?" in ji Murad maƙerin zinariya, shugaban dattawa.

"Lafiyata ƙalau. Na kunna, Asabar mai zuwa ma zan kunna. Wanda ya isa ya hana ni."

Nazli, 'yar ƙaninsa, tana tsaye cikin mata, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Dama tana cike da shi. Ita ce ta tono wani tsohon littafi a ɗakin ajiyar majami'a, sharhin Attaura da wani malaminmu ya rubuta a Ƙudus tun zamanin kakannin kakanni. Babu irinsa ko'ina. Asu ya cinye gefensa, shafuka sun manne, da bakin siririyar wuƙa take raba su, layi ɗaya kan cinye mata yini.

Ko rabi ba ta kwafe ba dattawa suka yanke hukunci. Littafi mai sunan Ubangiji in ya tsufa, a tulu ake sa shi a binne tare da gawar malami, haka muka gada. Ta roƙa, ta yi kuka, ta ce jami'a na jiran aikinta. Murad ya ce kakanninmu ba su nemi izinin jami'a ba. Baffan nata na zaune a wurin, tari kawai yake cikin ƙyalle.

Da yammacin ranar tabar ta faɗa gidansa ko sallama babu.

"Baffa, ka yi shiru aka yanke wa littafin hukunci. Yanzu kuma sunan gidanmu za ka zubar a titi?"

"Ke, tafi can ki ci gaba da kiwon asunki," ya ce. "Kin tsaya min a ka kamar mai bina bashi."

Dattawa suka je har gida suka ce ya tuba a gaban jama'a, magana ta wuce. Ya nuna musu ƙofa. Asabar ta zagayo ya sake kunnawa, har da hura wa Murad hayaƙi. Aka hana shi jan addu'a, aka ɗauke kujerarsa. Waɗanda da ke rububin sumbatar hannunsa suka koma tsallake titi in sun hango shi. Ni kaina na tsallake, ba zan ɓoye ba, don haushinsa nake ji.

Sanyi bai fita ba ya rasu.

Mutane 'yan kaɗan ne suka raka shi maƙabarta, kabarin ma can jikin katanga aka haƙa. Nazli ta zo da littafin naɗe a farin ƙyalle, ta ƙanƙame shi a ƙirji, idonta jajur. Ta tsaya gaban Murad.

"Ga shi na kawo, amma ba zan miƙa ba. In kun matsa sai dai ku rufe mu tare."

Murad ya yi tsaki. "Wa ya tambaye ki? Littafi mai tsarki ba zai kwanta kusa da mai keta Asabar ba. Mayar da shi, ya jira wani malamin."

Malamin da ya rage mana kuwa matashi ne, ƙato, ko mura ba ta kama shi.

Nazli ta ja da baya da littafin a ƙirjinta. Inna Warda, matar mamacin, ta dafa kafaɗarta ta yi ƙasa da murya.

"Baffanki ko warin taba ba ya so. Ranar da likita ya ce ba zai ga bazara ba ya aike ni na sayo masa, ya ce gara a binne shi da abin kunya da a binne shi da littafinki."