Karmamin Rake

"Ya ci, Baba! Yisti ya ci!"

Ta fito daga rumfar gwajinta a guje, kwalba na tumbatsa da kumfa. Sau goma sha tara tana turara karmamin rake da ruwan tsami don ya yi laushi, yistin na ƙin taɓawa. Ga masu sayen gonarsu ta Queensland, can Ostireliya, suna tafe jibi.

Tsohon ya shinshina, ya yatsine fuska. "'Yar nan, shekara shida a jami'a, giya kika koyo?"

"Sinadari ne, Baba! Masana'antu har rububinsa suke yi."

Sai ya yar da sandarsa, ya nufi gona da gudu, inda wanta ya riga ya ƙyasta ashana zai ƙone karmamin raken.

"Kai, kashe wutar nan!"