Inda Aka Binne Cibiya

Tun da aka kafa sabuwar doka, haihuwa kyauta sai 'yar ƙasa. Ƙofar asibiti mai na'urar magana ke tambaya, dattijon gida ya amsa. Yau na raka Zinaru, matar ɗana, 'yar Damagaram, tana naƙuda.

Ƙofa ta ce, "A ƙasar nan aka binne cibiyarta?"

Ni ban saba ƙarya ba, ko ga ƙarfe. Na ce a'a. Ta ƙi buɗewa.

"Ba komai, Baba," in ji Zinaru, tana cije leɓe.

A baranda ta haihu, mata suka kare ta da zannuwa. Ungozoma ta miƙo mini cibiyar jikana a tsumma.

"Baba, ƙofar nan ba ta gane ƙarya, kowa e yake ce mata. Ungo, je ka binne."