Shirin Uwaisu na Shiga Daji

Uwaisu ya gwada dafin a kan karen maƙwabcinsa. Kibiyar ta ɗan karci cinya ne kawai, amma kafin karen ya kai bakin danga ya faɗi yana shure-shure. Uwaisu ya tsaya a kansa har ya daina motsi, sannan ya koma ya ci gaba da shafa sauran kiban.

Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna ke nan. Can arewa da Maraɗi akwai wani daji mai barewa da jimina wanda Faransawa suka killace, suka hana farauta, suka zuba masu gadi. Cikinsa Lawwali, mahaifin Uwaisu, ya shiga da abokinsa Ɗantala, Ɗantala ya dawo Jibiya shi kaɗai, ya ce masu gadi sun kama Lawwali, kada kowa ya ƙara sa ran ganinsa. Tun daga nan maharban ƙauyukan Daddara da Farfaru ba su da abin tsinewa kamar shugaban masu gadin, wani mai naɗa baƙin rawani har ido, wanda ya san kowace hanyar maharbi kamar shi ya share ta.

Wannan shugaban masu gadin Uwaisu yake shirin zuwa nema, ya rama wa mahaifinsa. Ya ɗinka salka biyu, ya sayi jaki, ya sa an yi masa dakakken gero. Mahaifiyarsa Hajjo tana kallo. Ba ta taɓa yin takaba ba, ta ce ba ta ga gawa ba, mata suka ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ran da ta ga salkunan a rataye ta sa wuƙa ta farke su. Ya ɗinka wasu.

Hanya ce kaɗai bai sani ba, sai ya tare Ɗantala a gonarsa.

“Ta ina kuka shiga?”

“Ɗana, bar maganar nan. Ba yadda kake zato ba…”

Uwaisu ya maka masa ƙotar fartanya a baki, haƙora suka zubo. Ya danne shi, ya murɗe hannunsa har ƙashi ya yi ƙara. Dattijon ya zana masa hanyar a ƙasa da ɗaya hannun, jini na ɗiga a kan zanen, bai iya ƙara furta komai ba.

Ranar kasuwar Jibiya ya ɗaura kaya. Yana kora jakin zuwa iyaka ya tarar mutane sun yi cirko-cirko kusa da rumfar duwan, masu karɓar kuɗin fito a iyaka. Wani mai sayar da kanwa ya raɗa masa cewa ga shugaban masu gadin dajin can, ya zo da kansa, tun safe yake tambayar wani Uwaisu.

Mutumin na tsaye a gindin aduwa, riƙe da akalar raƙuma biyu, duka da sirdi. Ba bindiga a kafaɗarsa. Da ya hango Uwaisu sai ya saki akalar, ya nufo shi da sauri, ya ɗaga hannu.

Kibiya ta farko ta shiga ƙarƙashin haƙarƙarinsa. Ya durƙusa, ya sake miƙewa, ya ci gaba da tahowa. Ta biyu ta same shi a maƙogwaro. Mutane suka watse, raƙuma suka yi cikin kasuwa suna tattake ƙorai. Ma'aikatan duwan suka rufar wa Uwaisu da gindin bindiga, suka fasa masa goshi, suka ɗaure shi ta baya. Bai ji zafi ba. Idonsa na kan mai rawanin da ke kakari, yana jan jiki a yashi zuwa inda yake, har ya tsaya.

Hajjo ta ratso taron ba ko mayafi. Ba ta dubi jinin da ke fuskar ɗanta ba. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan mamacin a cinyarta, ta fara warware rawanin a hankali.

“Na aika maka kada ka zo, maigida,” ta ce. Sannan ta ɗago, ta ce wa Uwaisu: “Cewa ya yi zai zo da kansa ya tafi da kai, ka ga dajin. Da suka kama shi, aikin gadi suka ba shi. Ubanka ne.”