Itacen Kabarin Alhaji Sumani

"Kabari ya haƙu, ina itace?" Mutala mai haƙar kabari ya tambaye mu.

Muka kalli juna. Gawar Alhaji Sumani na kan makara, rana na dukanmu, amma babu itacen da za a jera kafin a zuba ƙasa. Shekara ashirin motocinsa suna kwasar gawayi daga Bawku zuwa Kumasi. In aka ce masa ruwan sama ya ja baya, sai ya ce, "Ni kaɗai ne zan hana damina?" Yanzu daga maƙabarta har hanyar Binduri babu komai sai kututture.

Bishiya ɗaya ta rage a unguwarmu ta zango, dalbejiyar Inna Azara mai ƙosai. Da ruwan alwalarta ta raine ta, har a shekarar fari ta 1983. Mun sha yi mata dariya.

Ni ne babban ɗan Alhaji, ni na ɗauki gatari. Ban ji kunya ba. Ban ji komai ba.

"Inna, itacen kabarin Baba muke roƙo."

Ta daɗe tana duban bishiyar. "Sare, ɗana. Ba a barin gawa a rana."

Rassan ba su yi kauri ba, dole na sare daga gindi. Na ce, "Ki yi haƙuri, mun raba ki da inuwa."

"Ba don inuwa na shuka ta ba," in ji ta. "Da na ga yadda babanka ke cin daji, sai na tanadi itacen kabarina."