Jiran Guga

Takardar ta sake faɗowa daga jikin allo. Manaja ya sunkuya ya ɗauke ta, ƙugunsa ya yi ƙara. Gam ɗinta ya mutu saboda daɗewa a wuri ɗaya. Ya danne ta da babban yatsa, ya tsaya yana kallon bangon, idanunsa na yaji.

Shi ya kawo allon nan. Manhaja suke rubutawa a sashensu, aikin manhaja kuwa ba ya barin tarkace, balle a duba a ce ga inda aka kwana. Ma'aikata na gaban kwamfuta tun safe, duk wanda ka tambaya sai ya ce saura kaɗan. Wata da watanni ana saura kaɗan, har masu shagunan maganin da suka ba da aikin suka gaji da kira.

Mai kamfani, macen da ba a yin raɗa a ginin nan ba ta ji ba, ta kira shi ta yi magana ɗaya.

"Nemo min abin da ke riƙe aikin nan. Mutum ne ko na'ura, zan cire shi. In ba ka samo ba, na rufe sashen gaba ɗaya."

Shi ya sa ya raba allo gida uku: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Kowane aiki da 'yar takardarsa. Wanda ya maƙale, a liƙa masa jar takarda, a rubuta abin da yake jira. Daga yau ba ɓoye-ɓoye, in ji shi.

A gaskiya ba wanda ya kai shi shan wahala. Shi ke fara zuwa. Abincin rana a gaban kwamfuta yake ci, ran da ya tuna. Daga wannan taro sai wancan, a tsakani wani ya tare shi a bakin ƙofa: "Yallaɓai, na gama nawa." Ya ce, "Madalla, turo min in duba kafin ya fita." Ko layi ɗaya ba ya yarda ya fita bai sa masa ido ba, don in an ji kunya sunansa za a kira. A gida kuma 'yarsa ta daina tambayar yaushe zai gyara mata keke, kuma wannan shirun ya fi tambayar ciwo.

Jajayen takardu suka fara taruwa a gidan tsakiya, har suna hawa kan juna. Gidan abin da aka gama kuwa fari fat. Rubutu daban-daban, magana ɗaya: Jiran Guga.

Bai yi mamaki ba. Injiniyan da ke kula da manyan na'urorinsu a ɗakin ƙasa ɗan barkwanci ne, sunayen kayan ruwa yake raɗa musu. Manaja ya san da Tulu, ya san da Randa. Rabonsa da ɗakin ya daɗe. Ashe an ƙaro Guga, ga shi kuma ya zame musu ƙarfen ƙafa.

Da aka taru gaban allo da safe, ya bugi jajayen takardun da bayan hannu.

"Wannan Gugan ya ishe ni. Tsufa ya yi ko me?"

Kowa ya sami abin kallo a jikin takalminsa. Doguwa, wadda ta fi kowa iya aiki kuma ta fi kowa yawan jajayen takardu, ta ce a hankali, "Kaya ne suka yi masa yawa, Yallaɓai. Komai sai ya bi ta kansa."

"Rijiya dai ta bayar," in ji mai gwajin manhaja daga can baya.

Wani ya yi tari. Wayar Manaja ta yi ƙara, ya fita da ita a kunne.

Kafin azahar ya ɗauki hoton allon, ya ajiye shi gaban mai kamfani.

"Ranki ya daɗe, ga shi ƙuru-ƙuru. Yaran nan ba su da laifi. Guga ne. A cire shi, aiki zai tafi."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ka tabbata?"

"Ya gaji, ya gajiyar da mutane. Ban ga alamar zai gyaru ba."

"Ba kowa ke iya faɗin haka da bakinsa ba," ta ce, muryarta ta yi laushi. "Na yaba maka. Zan sa a shirya takardu zuwa ƙarshen wata."

Ya fito da sauƙi a ƙirjinsa. Sashe ya tsira, ba wanda zai koma gida da mummunan labari. Har ya tuna da keken 'yarsa, ya ce Asabar ɗin nan insha Allahu.

Ya sauka ɗakin ƙasa don ya ga abin da ya hana shi barci ido da ido. Injiniya ya fita cin abinci. Ɗakin da sanyi, fankoki na ta huci. Ga Tulu da sunansa a goshi, ga Randa a gefensa. Ya leƙa bayansu, ya duba ƙarƙashin tebur. Wayoyi ne kawai da ƙura.

Ya hau matakala yana nishi. Ofis ba kowa, duk an tafi hutun rana. Ya tsaya gaban allo, takardar ɗazu ta sake faɗowa, bai ɗauka ba. Ya ciro waya ya kira Doguwa don ta faɗa masa inda aka ajiye tsinanniyar na'urar.

Wani abu ya fara ruri a bayansa. Ta manta wayarta a kan tebur, tana caji. Ya matsa zai kashe kiran, fuskar wayar na haske, ga sunan mai kira ɓaro-ɓaro: Guga.