Wayar Birki

Shagon Baba na gyaran babur a Aboabo yake. Ina ɗan shekara takwas, wata rana bayan la'asar, ya ta da babur ɗin wani alhaji ya ce, "Kada ka taɓa." Na ji shi sarai. Ina cikin cewa "to" hannuna ya riga ya murɗa totur. Babur ya zabura ya faɗi, madubi ya fashe.

Baba bai buge ni ba. Ya ɗauko tsohuwar wayar birki, ya ɗaure mini wuyan hannu a ƙafar benci, ya koma aikinsa. Da alhajin ya roƙa a kwance ni, sai ya ce, "Bar shi, Alhaji. An haife shi ba birki. Irinsa ba a gyarawa, masu sayen tsohon ƙarfe ake jira."

Bara likita ya yi mini bayani: sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke tsayar da hannu kafin ya aikata, nawa makara yake yi. Ya ce akwai magani. Na je na gaya wa Baba. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce:

"To, da can me na ce?"