Ganye da Zare

Tun da aka kafa dokar korar duk gidan da bishiyarsa ta mutu daga gari, ɗaliban gandun daji na jami'a ke duba bishiyoyi. Ranar jarrabawar Barira, malaminta ya zaɓi gidan kakarta.

Darbejiyar gidan kore shar, amma da Barira ta matsa, sai ta ga kowane ganye da zare aka ɗaure shi.

"Takwara, ai tana da rai," in ji tsohuwar, tana murmushi.

"Kankare ɓawon," in ji malam. "Kika yi ƙarya, tare za ku tafi."

Ta kankare. A bushe yake ƙamas.

"Ta mutu, Malam."

Ya yaba mata ƙwarai, sannan ya miƙa mata kwaɗon kulle gidan.